Dandamali Na 40: Rokar Da Ta Ƙone Kafin Ta Tashi, Da Wata 15 Da Aka Yi Ana Gyara

Wurin, da abin da ake harbawa daga cikinsa

A gaɓar tekun Atlantika, a sansanin sojan Amurka na Cape Canaveral da ke jihar Florida, akwai jerin dandamalai na harba roka, kowanne da lambarsa. Na 40 tsoho ne. An fara harbi daga cikinsa a watan Yunin 1965 da rokar soja mai suna Titan, kuma daga nan kumbon Cassini ya kama hanyar duniyar Saturn a 1997. Da aka daina aiki da Titan a 2005 sai wurin ya zauna ba kowa, har 2007 lokacin da aka ba kamfanin SpaceX hayarsa. Ranar 4 ga Yunin 2010 rokar Falcon 9 ta farko ta tashi daga nan.

Zuwa 2016 wannan dandamali shi ne rumbun kamfanin. Duk tauraron sadarwar da za a kai can ƙololuwa, kilomita kusan 36,000 a saman tsakiyar duniya, daga nan yake tashi. Kayan da ake aika wa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma haka. Kamfanin yana da wani dandamali a Vandenberg ta jihar Kaliforniya, amma wancan na taurarin da ke bi ta kan ƙuryar arewa da kudu ne, ba ya maye gurbin na Florida. Akwai kuma na uku, mai lamba 39A, wanda ya karɓa haya daga NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 2014, sai dai ba a gama gyara shi ba.

Falcon 9 hawa biyu ce, tsawonta ya kai mita 70. Ɓangaren ƙasa yana da inji tara, shi ke ɗaga kaya ya fitar da su daga iska mai kauri. Ɓangaren sama inji ɗaya gare shi, shi ke ƙarasa aikin ya ajiye tauraro a falakinsa. Dukansu kananzir tatacce suke ƙonawa tare da oksijin da aka sanyaya har ya zama ruwa.

Akwai abu na uku da ba a cika ambata ba, wato iskar hiliyam. Yayin da inji ke zuƙe mai, dole a cike gurbin da ya bari da wata iska mai matsi, in ba haka ba tankin ya lotse, injin kuma ya rasa abin da zai tura masa mai. Ana ajiye hiliyam ɗin a cikin tukwane na musamman: siririn bango na alminiyam a ciki, an naɗe shi da zaren kabon tam a waje. Matsin da ke ciki ya haura na iskar da muke shaƙa fiye da sau 300. SpaceX ta zaɓi ta nutsa tukwanen a cikin tankin ruwan oksijin ɗin kansa, saboda iska mai sanyi tana ƙanƙancewa, ƙaramar tukunya sai ta ɗauki da yawa, nauyin roka ya ragu. A tankin ɓangaren sama na rokar da ta ƙone a wannan dandamali a 2016, tukwane uku ne.

28 ga Yunin 2015: karon farko da tukunya ta ci roka

Rokar da ke ɗauke da kayan NASA zuwa tashar sararin samaniya ta tarwatse daƙiƙa 139 bayan tashinta daga dandamali na 40. Babu mutum a ciki. Binciken kamfanin ya ce wata sandar ƙarfe da ke riƙe da tukunyar hiliyam a ɓangaren sama ce ta karye. An sayo ta a kan za ta jure nauyin kilo kusan 4,500, ta saki a wajen kilo 900. Tukunyar ta kuɓuce ta yi sama, hiliyam ya fashe cikin tanki, tankin ya tsage.

Kamfanin ya daina amfani da irin waɗannan sanduna, ya kuma fara gwada kowace sanda ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗaura ta. NASA ta yi nata binciken daban, wanda ba a fitar da taƙaitawarsa ba sai a 2018, inda ta ce kuskuren ya faro tun daga zane: an ɗauki ƙarfen da aka yi don aikin masana'antu na yau da kullum aka sa shi a wurin tsananin sanyi, ba tare da barin ratar kariyar da mai ƙera shi ya ba da shawara ba. Ko ta wace fuska aka duba, an gyara sanda. Tukunyar da zamanta cikin ruwan oksijin suna nan yadda suke.

Disamban 2015 zuwa Agustan 2016: ƙarin sanyi, ƙarin sauri

Ranar 21 ga Disamban 2015 aka dawo harbi, kuma da sabon samfuri. A daren ne ɓangaren ƙasa ya fara dawowa ya sauka a tsaye a doron ƙasa, abin da duniya ta yi ta kallo. Abin da ya ba rokar ƙarfin kai kaya sama har ta rage man dawowa shi ne sabon salon sanyaya mai. Oksijin yana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma a nan yawancin masu roka suke tsayawa. SpaceX ta ƙara sanyaya nata zuwa wajen 207 ƙasa da sifili. Ruwan yana ƙara curewa, tanki ɗaya ya ɗauki fiye da yadda ya saba, kamar mai awo da ya girgiza mudu ya danna gero ya ƙara. Oksijin kuwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara a wajen 219 ƙasa da sifili. Tazarar da ta rage digiri 12 ce kacal.

Wannan dabara tana da sharaɗi. Mai irin wannan ba ya jira, da zarar ya shiga tanki ya fara ɗumi a zafin Florida. Saboda haka aka matse ɗurin mai gaba ɗaya cikin kusan minti 35 na ƙarshe kafin tashi. An ga wahalar hakan a fili wajen harba tauraron SES-9 a ƙarshen Fabrairun 2016. An ɗage harbin sau da dama, kuma a ɗaya daga ciki wani jirgin ruwa ne ya kutsa yankin da aka hana shiga, aka tsaya jiransa, oksijin ya yi ɗumi, kwamfuta ta kashe injina bayan sun kama. Sai ranar 4 ga Maris ya tashi. Tun daga nan injiniyoyi suka ci gaba da taɓa tsarin ɗurin, har da na hiliyam, don a rage lokaci.

A wancan lokacin akwai wata al'ada kuma. Kafin kowane harbi, ana tsayar da roka a dandamali, a cika ta da mai, a kunna injinan tara na daƙiƙoƙi kaɗan tana daure, a kashe. Gwaji ne na tabbatar da lafiyarta. A da ana yin sa babu kaya a kai, sai a kwantar da rokar a mayar da ita rumfa a ɗaura tauraro. Daga baya aka fara ba abokan ciniki zaɓin a yi gwajin da tauraron a ɗaure, don a rage kusan kwana guda a jadawali. Wasu sun yarda, wasu sun ƙi.

Kayan da aka ɗora a ƙarshen Agusta

Tauraron AMOS-6 mallakar kamfanin Spacecom na Isra'ila ne, kamfanin Israel Aerospace Industries ya ƙera shi a kan kwangilar dala miliyan 195. Nauyinsa kusan tan biyar da rabi, an tsara ya yi shekara 15 yana aiki, ya gaji AMOS-2 da ya tsufa. Spacecom na cikin matsi tun kafin nan. A Nuwamban 2015 tauraronsa AMOS-5, wanda ke hidima ga Afirka, ya yi shiru ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A watan Agustan 2016 kuma aka sanar cewa kamfanin Beijing Xinwei na ƙasar Sin zai sayi Spacecom a kan dala miliyan 285, bisa sharaɗin AMOS-6 ya isa falaki lafiya ya fara aiki.

A nan ne lamarin ya taɓo mu. A Oktoban 2015 Facebook da kamfanin Eutelsat na Faransa sun kama hayar wani sashe na tauraron, kusan dala miliyan 95 na shekara biyar, don kai intanet yankunan Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya. Jaridu da yawa sun riƙa kiransa tauraron Facebook, alhali Facebook ɗan haya ne kawai.

An sa ranar Asabar 3 ga Satumba don harbi. Gwajin kunna inji kuma ranar Alhamis, da tauraron a kai.

Alhamis, 1 ga Satumban 2016

Ƙarfe 9:07 na safe a Florida, wato 2:07 na rana a Kano. Saura kamar minti takwas a kunna injina, ana cikin ɗura mai. Wani hoton bidiyo da aka ɗauka daga nesa ya nuna abin da ya faru. Rokar na tsaye, farin tururi na fita daga jikinta kamar kullum. Sai wuta ta tsage daga gefen ɓangaren sama, daidai wurin tankin oksijin. Kananzir mai ci ya kwararo ƙasa, ɓangaren ƙasa ya kama, rokar ta ruguje cikin kanta. Kwanson da tauraron ke ciki ya tsaya maƙale a jikin hasumiyar da ke riƙe da roka na 'yan daƙiƙoƙi, hasumiyar ta lanƙwashe, ya sunkuyo ya faɗo ƙasa, man da ke cikin tauraron ya sake tashi da wata fashewar. An ji ƙarar a garuruwan da ke kewaye, baƙin hayaƙi ya daɗe yana tashi.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni, domin ƙa'ida ce a kwashe kowa daga dandamali kafin a fara ɗurin mai. A dandamali na 41 da ke maƙwabtaka, rokar Atlas V na ɗauke da kumbon NASA mai suna OSIRIS-REx, ba abin da ya same ta, ta tashi ranar 8 ga Satumba kamar yadda aka tsara.

Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, yana Nairobi a ranar, bayan ya baro Legas. Ya rubuta a shafinsa cewa ransa ya ɓaci ƙwarai da jin labarin. Washegari ya dawo Najeriya ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari a Abuja.

Satumba da Oktoba: hanyoyin da ba su ɓulle ba

An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin SpaceX, da wakilan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, sojan sama, NASA, hukumar binciken haɗurran sufuri da wasu masana daga waje. Abin da suke da shi a hannu kaɗan ne. Daga alamar farko ta matsala zuwa yankewar bayanai, kashi 93 ne cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo. Cikin wannan ɗan taƙi suka bi layukan bayanai da hotuna kusan 3,000.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne injina a kashe suke, babu wani sanannen abu mai zafi a kusa. Ranar 9 ga Satumba Elon Musk, shugaban SpaceX, ya ce wannan ce matsala mafi wuya da sarƙaƙiya da kamfanin ya taɓa fuskanta cikin shekara 14. Ya roƙi duk mai hoto ko sautin da ya naɗa ya aiko, ya kuma ambaci wata ƙaramar ƙara da aka ji kafin wutar, wadda ba a san daga ina ta fito ba.

Zato na farko shi ne tsohuwar cuta ce ta dawo, wato sandar riƙe tukunya. Ranar 23 ga Satumba kamfanin ya ce an sami babbar ɓaraka a tsarin hiliyam na tankin ɓangaren sama, amma an bi duk hanyoyin da za su iya haɗa ta da haɗarin 2015 ba a sami alaƙa ba. A wannan sanarwar aka ce ana fatan komawa harbi a Nuwamba. Bai yiwu ba.

Zato na biyu ya fi jan hankalin jaridu. A ƙarshen Satumba jaridar Washington Post ta ruwaito cewa wani ma'aikacin SpaceX ya je wani gini na kamfanin United Launch Alliance, babban abokin hamayyarsu, ya nemi a bar shi ya hau rufin. Ginin na da nisan fiye da kilomita ɗaya da rabi daga dandamalin, kuma an ce an ga wata inuwa da wani farin ɗigo a kansa cikin hoton bidiyo. Ma'ana, ana tunanin ko harbin bindiga ne. Masu ginin suka hana shi, suka kira jami'an sojan sama, waɗanda suka hau suka duba ba su ga komai ba. Maganar zagon ƙasa ta mutu a hankali, ba ta shiga sakamakon ƙarshe ba.

Duk tsawon wannan lokaci dandamalin na killace a matsayin wurin bincike. Ana tsince tarkace ana yi musu lamba ana adanawa, ba a fara gini ba.

28 ga Oktoba zuwa 2 ga Janairu: an kama bakin zaren

Amsar ta fito daga filin gwajin kamfanin da ke McGregor a jihar Teksas. Maimakon a ci gaba da hasashe a kan bayanan da ba su kai daƙiƙa ba, sai aka koma ɗura wa tukwane hiliyam a yanayi daban-daban ana neman a fasa su da gangan. Ranar 28 ga Oktoba kamfanin ya sanar cewa ya iya fasa tukunya ta hanyar ɗuri kaɗai, ba tare da an taɓa ta da komai ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne sanyin hiliyam ɗin da matsinsa lokacin shiga. A farkon Nuwamba Musk ya ambaci ƙanƙarar oksijin a wata hira, ya ce za a dawo tsakiyar Disamba. Wannan ranar ma ta wuce.

Cikakken bayani ya zo ranar 2 ga Janairun 2017. Tukwanen da aka tsinto daga tarkace sun nuna bangon alminiyam ɗinsu ya lotsa a wasu wurare. Lotsawar ita kaɗai ba ta fasa tukunya. Amma tana barin ɗan rami tsakanin alminiyam da naɗin kabon, kuma naɗin ba ya hana ruwa ratsawa, don haka ruwan oksijin mai tsananin sanyi yana shiga ya taru a ramin. Da aka ci gaba da ɗura hiliyam, bangon ciki ya kumbura ya matse abin da ya taru, ya rasa hanyar fita. A cikin oksijin tsantsa kuwa, zaren kabon makamashi ne. Zare ɗaya ya tsinke, ko biyu su gogi juna, ya isa ya kunna wuta. Sannan hiliyam ɗin da ake ɗurawa ya yi sanyin da zai iya daskarar da oksijin ɗin da ke ramin ya zama ƙanƙara, abin da ke ƙara maƙalewa da gogayya. Tazarar digiri 12 ɗin nan ta ƙare a jikin tukunya.

Kwamitin bai nuna yatsa ga hanya guda ya ce ita ce tabbas ba. Ya lissafa hanyoyi da dama masu yiwuwa, dukansu sun haɗu a kan taruwar oksijin a cikin lotsawa, aka tsara gyaran da zai toshe su gaba ɗaya. Gyaran kashi biyu ne. Na nan take: a sauya tsarin tukwanen yadda za a ɗura hiliyam mai ɗan ɗumi, a kuma koma tsohon salon ɗuri wanda aka yi fiye da sau 700 ba matsala. Na dogon zango: a sake zana tukunyar yadda ba za ta lotsa ba sam, wanda a cewar sanarwar zai ba da damar komawa ɗuri cikin sauri. Gwajin kunna inji da tauraron abokin ciniki a kai kuma aka daina shi.

2017: harbi ya dawo, dandamali bai dawo ba

Ranar 14 ga Janairun 2017 Falcon 9 ta tashi daga Vandenberg da taurari 10 na kamfanin Iridium, wata huɗu da rabi bayan gobarar. Amma layin abokan cinikin da ke jira na Florida ne, kuma dandamali na 40 kango ne. Sai aka kwashe ma'aikata aka tura su ƙarasa 39A, wanda daga cikinsa 'yan sama jannatin Apollo 11 suka tafi wata. Ranar 19 ga Fabrairu aka yi harbin farko daga can. A shekarar kamfanin ya yi harbi 18, sama da ninki biyu na takwas ɗin 2016. Goma sha biyu daga 39A suka tashi, biyar daga Vandenberg.

Wannan mafita tana da kuɗinta. Ana buƙatar 39A don babbar roka Falcon Heavy da kuma jigilar mutane, kuma ba a iya tsayar da shi a yi masa waɗannan gyare-gyare alhali shi kaɗai ke ɗauke da kasuwa. Falcon Heavy ba ta tashi ba sai 6 ga Fabrairun 2018.

Ginin dandamali na 40 bai kankama ba sai farkon 2017. Ba a mayar da shi yadda yake ba. An ƙera sabuwar hasumiyar ɗaga roka, an sake bututu da wayoyi, an ɓoye muhimman na'urori a bayan kankare ko a ƙarƙashin ƙasa don kada wata gobarar ta sake cinye komai lokaci guda, an kuma ƙarfafa ramin fitar wuta da tsarin feshin ruwa. John Muratore, wanda ke kula da dandamalin, ya ce aikin ya ci kusan dala miliyan 50. Ranar 15 ga Disamban 2017 roka ta sake tashi daga nan da kayan NASA, wata 15 da rabi bayan gobarar. Ɓangaren ƙasan rokar da kumbon dakon kayan mai suna Dragon duk sun taɓa zuwa sama a baya.

Masu tauraron

Inshorar harbi tana fara aiki ne daga lokacin da aka kunna inji da niyyar tashi. AMOS-6 ya ƙone kwana biyu kafin nan, don haka wannan inshorar ba ta shafe shi ba. Abin da ya rufa asiri shi ne inshorar kafin harbi da ke hannun kamfanin da ya ƙera shi, ta nan Spacecom ya sami kuɗin tauraron. Amma tauraro ba a sayo shi a kanti. Mu ma mun ga haka: tauraron Najeriya NigComSat-1 ya mutu a Nuwamban 2008, magajinsa bai tashi ba sai Disamban 2011.

Hannun jarin Spacecom ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku a kasuwar Tel Aviv cikin 'yan kwanaki. Cinikin Beijing Xinwei ya yi ta jan ƙafa har ya watse. Don kada abokan ciniki su gudu, kamfanin ya yi hayar tauraron AsiaSat 8 da ke sama tuni, ya sa masa suna AMOS-7, yana biyan dala miliyan 22 a shekara. Daga SpaceX kuma yana da zaɓin karɓar dala miliyan 50 ko harbi kyauta. Ya zaɓi harbi. Ranar 6 ga Agustan 2019 tauraron AMOS-17, wanda Boeing ta ƙera don hidimar Afirka, ya tashi daga dandamali na 40. An yi gwajin injinan rokarsa babu shi a kai.

Yarjejeniyar Facebook ta mutu tare da tauraron. Eutelsat ya nemi haya a taurarin kamfanin Yahsat na Hadaddiyar Daular Larabawa ya fara hidimarsa ta Afirka a 2017, nasa tauraron Konnect kuma ya tashi a Janairun 2020 a kan rokar Ariane 5.

2018 zuwa 2024: sabuwar tukunya da batun ɗaukar mutane

Gobarar ta ƙara wa wata tsohuwar gardama zafi. Tunda man ba ya jira, tsarin SpaceX shi ne 'yan sama jannati su shiga kumbo tukuna, sannan a ɗura mai suna zaune a kai. Tun Disamban 2015 Janar Thomas Stafford, tsohon ɗan sama jannatin Apollo da ke shugabantar wani kwamitin ba NASA shawara, ya rubuta wasiƙa yana cewa hakan ya saɓa wa ƙa'idar da aka bi shekaru sama da 50. Bayan 1 ga Satumba maganarsa ta ƙara nauyi. Masu goyon bayan tsarin suka ce ya fi aminci mutum ya kasance a ɗaure cikin kumbon da ke da injinan tserewa, da a ce shi da masu taya shi su yi ta yawo a gindin rokar da ke cike da mai.

NASA ta amince a Agustan 2018, da sharuɗɗa: a nuna tsarin ɗurin sau da dama a aikace, kuma sabuwar tukunyar ta yi tafiya bakwai ba a sauya mata komai ba kafin a ɗora mutum. Tukunyar ta fara tafiya a ɓangaren sama a Nuwamban 2018. Ranar 30 ga Mayun 2020 Bob Behnken da Doug Hurley suka tashi daga 39A, an ɗura mai suna ciki. Dandamali na 40 kuwa ya zama wurin da aka fi harbi a duniya. Daga nan rukunin farko na taurarin intanet na Starlink guda 60 ya tashi a Mayun 2019, hidimar da ta iso Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka. Ranar 28 ga Satumban 2024 Nick Hague da Aleksandr Gorbunov suka zama mutanen farko da suka tafi sama daga wannan dandamali.

Daga Janairun 2017 Falcon 9 ta yi harbi fiye da 300 a jere ba ta faɗi ba, har Yulin 2024 da ɓangaren sama ya sake ba da matsala. Wannan karon wani siririn bututun awo ne ya tsage oksijin ya tsiyaye, ba tukunyar hiliyam ba, kuma cikin kwana 15 aka dawo harbi.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina asara biyu aka yi a ranar, kuma dalilansu daban ne. Fashewar tukunya abu ne da za a iya yi wa injiniyoyi uzuri a kansa har wani mataki: ba wanda ya taɓa nutsa irin wannan tukunya cikin oksijin mai irin wannan sanyi yana harbi a kai a kai, kuma ramin da ya jawo abin yana ɓoye ƙarƙashin naɗi. Uzurin yana raguwa idan aka tuna cewa wata 14 kafin nan wannan tsarin na hiliyam ya riga ya ci roka ɗaya, kuma an sauya salon ɗurin da aka gwada sau 700 zuwa wanda ba a san iyakarsa ba, a kan roka mai ɗauke da kayan mutane. Gwajin da aka yi a McGregor a Oktoba, na fasa tukwane da gangan, ba abin da ya hana a yi shi kafin a sauya salon.

Ƙonewar tauraron kuwa ba ta da alaƙa da kimiyyar da ba a sani ba. Amfanin gwaji shi ne a gano ko roka za ta fashe, kuma an ɗora kayan dala miliyan 195 a kan abin da ake gwadawa don a rage kwana ɗaya. SpaceX ta ba da zaɓin, Spacecom ya karɓa, laifin nasu ne su biyu. Sauri ya haifi nawa: kwana ɗayan ya zama wata huɗu da rabi ga mai roka, wata 15 ga dandamali, kusan shekara uku ga mai tauraro kafin ya sake harba wani.

Abin da ya yi aiki a binciken shi ne barin neman mai laifi a rufin maƙwabta a koma filin gwaji, da kuma yarda a toshe duk hanyoyin da ake zargi ba tare da jiran a tabbatar da guda ɗaya ba. Raba gyaran gida biyu shi ya dawo da harbi da wuri, domin da an ce sai sabuwar tukunya ta fito, da an zauna har ƙarshen 2018. Amma abin da ya ceci kasuwar kamfanin a 2017 ba ya cikin rahoton kwamitin. Hayar 39A ce da aka sa wa hannu tun 2014 saboda wata manufa daban. Ba don ita ba, harbi 12 na wannan shekarar da ba su da inda za su tashi, kuma masu taurarin da ke layi suna da rokar Ariane 5 ta Turai da Proton ta Rasha da za su iya komawa.